Barbizon: ƙauyen mai zanen da ya kai ƙarar masu saran daji

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Barbizon. Wanda ya taso daga Paris sai ya hau jirgi a tashar Gare de Lyon, ya sauka a Melun ko Fontainebleau-Avon, daga nan ya nemi bas ko tasi. Ni dai Allah ya hutar da ni, domin ɗan kawuna a Melun yake zaune, yana tuƙin motar rarraba kaya, kuma ya yarda ya ba ni ranar hutunsa. Sai dai yardar ta zo da mita. Ya ce shekara da shekaru yana bi ta gefen dajin Fontainebleau bai ga komai ba sai itace da yashi. Ga fadar sarakuna a Fontainebleau da kowa ke rububin zuwa ɗaukar hoto, ni kuma na kafe sai ƙauyen wani mai zane, Théodore Rousseau, da ya mutu tun Faransa ba ta mallaki ƙasarmu ba.

"Yaya, ai aikina ne ya ja ni," na ce masa.

"Aikinka dashen itace ne, ba zana shi ba."

Da gaskiyarsa. Ni ma'aikacin gandun daji ne daga yankin Maradi, kwas ne ya kawo ni Faransa. A cikin darasi wata malama ta ambata, a gurguje, cewa a shekarar 1861 gwamnatin Sarki Napoleon na Uku ta keɓe hekta 1,097 na dajin Fontainebleau ta hana sara a cikinsu, shekara 11 kafin Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin. Ba don farautar sarki aka keɓe wurin ba, ba kuma don a tanadi katakon gobe ba. Masu zane ne suka tayar da ƙura, kuma jagoransu Théodore Rousseau.

Kafin in je ƙauyen sai da na fara neman aikinsa a gidan tarihi na Louvre. Ɗakunan da zanensa yake ba su da cunkoso. Jama'a duk suna can wajen hoton matar nan mai murmushi. Na daɗe a gaban wani zane da ya yi wajen 1850 zuwa 1852, na wasu manyan itatuwan oak a Apremont, wani sashe na dajin Fontainebleau, da tsakar rana, shanu suna kiwo a inuwarsu kamar yadda namu ke taruwa ƙarƙashin gawo da rani. Idon ma'aikacin daji na kalle shi da shi, ba na masanin zane ba. Rassan sun bazu gefe da gefe tun daga ƙasa-ƙasa, alamar itacen da ya girma a fili ba tare da wani ya tare masa rana ba. Itacen da ya tashi a cikin kurmi ba haka yake ba, miƙewa yake yi sama siriri yana neman haske. Wanda ya zana wannan ya zauna da waɗannan itatuwan har ya san tarihin kowanne. Abokinsa Alfred Sensier, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ruwaito cewa Rousseau yakan ce yana jin muryar itatuwa. Ban san da murya ba, amma ganin, ya gani. Wani abin da ya kwantar mini da hankali kuma, ko malamanmu masu tsanani kan zanen abu mai rai ba su da ja a kan zanen itace da dutse da gajimare, mutum da dabba kuwa a hotunansa ƙanana ne, sai ka matsa kusa.

Daga Melun tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Barbizon kusan titi ɗaya ne, Grande Rue, wanda ya taso daga bakin gonaki ya ƙare a bakin daji. A zamanin Rousseau unguwa ce ta manoma da masu saran itace a ƙarƙashin garin Chailly, sai a 1903 ta zama gari mai cin gashin kansa. Yau kuwa talaka ba zai iya kama ko ɗaki a titin ba. Shagunan sayar da zane, gidajen abinci masu tsada, motoci na alfarma, sannan a jikin bango an lilliƙa kwafin shahararrun zane-zanen da aka yi a garin da ƙananan duwatsu masu launi. Yaya ya leƙa farashin abincin rana a wata ƙofa, ya yi salati, ya ce Allah ya yi wa matarsa albarka da ta ɗauro mana burodi da kaza.

Mun fara da masaukin Ganne, wanda yanzu gidan tarihi ne. François Ganne da matarsa suna da ɗan kantin kayan masarufi, sai suka fara saukar da samari masu zane da ke zuwa daga Paris ba ko sisin kirki a aljihunsu. Samarin suka bi kabad da ƙofofi da bangon ɗakunan kwana na sama da zane, kuma har yau suna nan: fuskokin abokai, zanen barkwanci, itatuwa. Abu biyu suka cika wannan masauki da baƙi. Na farko, a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake ɗura fenti a ciki a matse, sai ɗaukar fenti zuwa daji ya zama abu mai sauƙi. Na biyu, a 1849 layin dogo daga Paris ya iso wannan yanki. A shekarar ce Jean-François Millet ya gudo da iyalinsa daga annobar kwalara da ke Paris, ya sauka a Barbizon, bai sake komawa da zama ba. Sunan Millet ne ke sayar da ƙauyen yanzu, saboda zanensa na manoma biyu da suka tsaya addu'a a gona da yamma, wanda aka yi gwanjonsa a 1889 kan faran 553,000. Rousseau ya riga shi zama a garin, kuma shi ne babba a idon 'yan'uwansa masu zane, amma baƙi kan wuce gidansa ba su waiwaya ba.

Gidan ɗan ƙarami ne, a can cikin wani fili, ja da baya daga titi, kusa da cocin garin wanda asalinsa rumbun gidan ne. A sama ɗakin aikinsa yake. Idan ka ga ƙanƙantar wurin sai ka yi mamakin yawan rigimar da mai gidan ya sha.

An haife shi a Paris ranar 15 ga Afrilu 1812, mahaifinsa tela ne ɗan asalin yankin Jura. Ya yi karatun zane wajen malamai irin na makaranta, amma ransa bai kwanta da su ba. A wancan lokacin zane a Faransa yana da daraja hawa-hawa. A sama akwai zanen tarihi da labaran addini da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, zanen daji da fili kuwa yana can ƙasa. Ko za ka zana daji, ana so ka gyara shi ya yi tsaf, ka sa wani gwarzon da can a tsakiya, itatuwa su zama ado a bayansa. Rousseau ya ƙi. A 1830, yana ɗan shekara 18, ya tafi tsaunukan Auvergne ya yi ta zana duwatsu da rafuka yadda ya gan su.

Kasuwar mai zane a lokacin ɗaya ce: Salon, babban baje kolin da hukuma ke shiryawa a Paris, wanda alƙalai ke tantance abin da zai shiga. Wanda bai shiga ba, masu kuɗi ba su san da shi ba. Rousseau ya shiga a 1831 da wasu shekaru bayanta. A 1836 ya kawo wani ƙaton zane na shanu suna gangarowa daga tsaunukan Jura da kaka, alƙalai suka mayar masa da abinsa. Suka ci gaba da mayar masa har 1841, shi kuma ya yi fushi ya daina aikawa. Abokansa da 'yan jaridar da ke goyon bayansa suka laƙaba masa sunan babban wanda aka kora, korar ta zama masa suna, har ya yi fice alhali jama'a ba su ga aikinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: juyin juya halin 1848 ya kifar da sarki, ya tarwatsa tsohon tsarin alƙalan, sabuwar gwamnati ta ba shi aikin zanen bakin dajin Fontainebleau da faɗuwar rana, wanda shi ma yana Louvre. A 1849 ya koma Salon ya karɓi lambar yabo ta ɗaya. A babban baje kolin duniya na Paris a 1855 kuwa ba wanda ya ƙara gardamar matsayinsa.

A nan ne zan faɗi abin da ban so ba a halinsa. Mutum ne mai riƙo. A 1849 aka ba amininsa Jules Dupré lambar girmamawa ta ƙasar Faransa shi ba a ba shi ba, abota ta shekaru ta lalace a kan haka. Kuma bai san inda ake ajiye buroshi ba. Zai gama zane, kowa ya ce ya yi, shi kuwa ya dawo ya ƙara fenti a kan fenti, shekara ta zagayo yana kai. Wani attajiri, Frédéric Hartmann, ya yi odar zane-zane ya jira fiye da shekara 10. Akwai wani babban zanen daji da hunturu, rana tana faɗuwa, da ya fara wajen 1846, ya mutu a 1867 yana ɗakinsa. Yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Sannan a ƙuruciyarsa ya riƙa amfani da fenti mai kwalta don ya samu duhu mai zurfi, ita kuwa kwalta ba ta bushewa yadda ya kamata, tana baƙi tana tsattsagewa. Zanen shanun Jura da aka yi ta rigima a kansa yana birnin Hague na ƙasar Holan, ya yi duhun da da ƙyar ake gane abin da ke ciki.

Amma mai riƙon nan kuma mai kyauta ne. A 1855 Millet yana fama da bashi da tarin 'ya'ya, sai Rousseau ya zo masa da albishir cewa wani Ba'amurke ya sayi zanensa na manomi mai auren itace kan faran 4,000. Babu wani Ba'amurke. Rousseau ne ya biya daga aljihunsa, ya ɓoye don kada abokinsa ya ji kunya. Da na ba Yaya wannan labarin, a nan ne ya fara sassautowa. Ya ce to, ashe mutumin ya san zumunci.

Inda titin ya ƙare, hanya ta zarce cikin daji. Ita ce hanyar da shanun ƙauye ke bi zuwa kiwo a da, har yau da sunan shanun ake kiranta. Kaɗan da shiga akwai wani dutse da aka kafa wa allon tagulla mai fuskokin Rousseau da Millet, aikin Henri Chapu, tun 1884. Daga nan sai Bas-Bréau, inda tsofaffin itatuwan da ya fi ƙauna suke, sai kuma hawa zuwa Apremont.

Dajin ya ba ni mamaki tun daga ƙasarsa. Yashi ne fari tas mai laushi, wanda teku ta bari shekara miliyan 30 da wani abu da suka wuce, a kansa kuma manyan duwatsu a warwatse, wasu sun fi ɗaki girma, ɗaya ma an sa masa sunan giwa saboda siffarsa. Samari da 'yan mata suna ta yawo da katifu a baya. Yaya ya ɗauka kwana suka zo yi; ashe masu hawan dutse ne, katifar ta faɗowa ce. Hanyoyin ƙafa an yi musu alama da shuɗin fenti a jikin duwatsu da itatuwa, al'adar da wani tsohon soja, Claude-François Denecourt, ya fara tun wajen 1842 don jawo 'yan yawon buɗe ido. Rousseau bai so aikin wannan mutumin ba shi ma, yana ganin yana mayar da daji wurin shaƙatawa. Mun sami wani lungu tsakanin duwatsu muka yi azahar a kan yashin, muka ci abinci, a nan kuma gardama ta tashi.

Na yi wa Yaya bayanin abin da ke cin dajin a zamanin Rousseau. Masu fasa dutse suna farfasa duwatsun nan ana kai su Paris ana daɓe tituna. Hukumar gandun daji tana sare tsofaffin oak tana sayarwa, sannan tun shekarun 1830 tana dasa itacen fain, mai ganye siriri da saurin girma, a dubban hekta na filayen da ba kurmi. A lissafin hukuma wannan ci gaba ne: fili marar amfani ya zama katako. A idon masu zane kuwa ɓarna ce, har ana ba da labarin cewa sukan bi dare su tumɓuke dashen. Rousseau ya taɓa ganin ana kayar da manyan itatuwa a wani wuri kusa da Paris, ya zana abin a 1847, ya sa masa sunan kisan gillar jarirai marasa laifi, wanda ya aro daga labarin Sarki Hirudus na cikin Linjila. A 1852 ya rubuta takardar koke zuwa ga gwamnati yana neman a bar tsofaffin sassan dajin. A 1853 aka tsame hekta 624 daga sara, dokar 1861 ta faɗaɗa su.

Yaya ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, wanda cikinsa ya cika shi ke kallon itace ya ga kyau. Mai fasa dutsen fa? Mai saran fa? Da aka hana, wa ya ciyar da 'ya'yansu? Ka manta yadda mutanenku na gandun daji suka ci tarar Baba kan reshen da ya sara a gonarsa?"

Ban manta ba, kuma maganarsa ta taɓa inda ke mini ciwo. Hukumar ruwa da dazuzzuka ta Faransa, wadda ke horar da jami'anta a makarantar Nancy tun 1824, ita ce ta kawo mana tsarinta. Dokar daji ta 1935 ta yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ta sa daji da wasu itatuwa ƙarƙashin ikon gwamnati, muka gaje ta bayan 'yancin kai. Sakamakon kowa ya san shi: manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, jawo masa tara kawai yake yi, sai ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami. Sai daga shekarun 1980, da aka fara sakar wa manoma mara a Maradi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin toho suna gyara shi, itace ya dawo gonaki a miliyoyin hekta.

Amma na ce masa a duba da wa Rousseau ya yi faɗa. Ba da tsohuwa mai tsintar ƙirare ya yi ba, ba kuma da makiyayi ba. Su ne ma ke cikin zane-zanensa, ƙanana a gindin itace, a matsayin 'yan gida. Da hukumar ya yi, wato da kakannin aikina. Su suna kallon oak mai shekara ɗaruruwa su ga katakon da ya wuce lokacin sara, yana neman ruɓewa a banza. Haka aka koya musu, haka ni ma aka koya mini a farkon karatu. Ɗan tela da buroshi ne ya ce musu tsufan itace ba asara ba ne, kuma yau ilimin daji ya dawo kan maganarsa ta wata hanyar: a wasu sassan Fontainebleau da aka keɓe gaba ɗaya, ko itace ya faɗi ba a ɗauke shi, ana barinsa ga ƙwari da tsuntsaye da naman kaza. A garin Fontainebleau ɗin ne kuma aka kafa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, a 1948. Game da masu fasa dutse kuwa ban sami amsar da zan ba shi ba. Hekta dubu da 'yan kai a dajin da a lokacin ya kai wajen hekta 17,000 ba su ne suka kashe sana'arsu ba, ta ci gaba shekaru da dama bayan haka, amma ban ga alamar Rousseau ya taɓa damuwa da cikinsu ba. Yaya ya ce wannan kaɗai yake so in amsa.

Ƙarshen mutumin bai yi daɗi ba. Tun a 1847 aurensa da 'yar riƙon marubuciya George Sand ya wargaje ana dab da yi, daga baya ya zauna da wata mata, Élisa Gros, wadda ta yi fama da taɓin hankali, ya yi ta jinyarta bai rabu da ita ba. A shekarun 1860 kasuwarsa ta ja baya, ga shi da son sayen tsofaffin tsabar kuɗi da zane-zanen Japan, bashi ya hau kansa. A 1867 ya shugabanci alƙalan zane na baje kolin duniya, shi wanda alƙalai suka kora shekara 30 baya, ya kuma sami babbar lambar yabo. Amma da aka fito da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma a lambar girmamawa ta ƙasar Faransa, babu nasa. An gyara daga baya, sai dai abin ya riga ya ci shi, ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a gidan nan na Barbizon ranar 22 ga Disamba 1867 yana da shekara 55, Millet yana gefensa. Millet ɗin ne ya tsaya kan al'amuran gidan bayansa, shi ma ya bi shi a 1875.

A lokacin da yake fama da wannan, wasu samari sun riga sun fara sauka a Chailly da akwatunan fentinsu: Claude Monet da Frédéric Bazille tun 1863, Renoir da Sisley su ma suna yawo a dajin. Su ne za su kwashe sunan da kasuwar, da launuka masu haske da aikin da ake gamawa a zama kaɗan, abin da Rousseau bai taɓa iyawa ba. Ƙofar da suka bi suka fita daji, shi da 'yan zamaninsa irin su Corot da Daubigny da Diaz suka ɓalle ta.

A hanyar komawa muka biya maƙabartar Chailly, inda kabarinsa da na Millet suke kusa da juna. Ba mu jima ba, iska ta fara sanyi. Fitowarmu ke nan Yaya ya taka burki a gefen hanya, ya sauka. Filin da Millet ya zana manomansa yanzu gonakin latas ne, layi-layi har iyakar gani, ana kai wa kasuwannin Paris. Ya tsaya yana nazarin bututun ban ruwa da tazarar da ke tsakanin kunya da kunya, ya ɗauki hotuna ya tura wa ƙaninsa da ke lambu a Jiratawa, ya bi da saƙon murya mai tsawo kan yadda za a gwada irinsa a fadamarsu bayan damina.